Kati Ɗari, Shaida Ko Ɗaya Babu

Kwanakin baya uwargida tana kakkaɓe wani tsohon akwati, sai ta miƙo mini wani ɗan ƙunshi ɗaure da robar ɗaure kuɗi, tana danne dariya. Ta ce, "Injiniya, ga dukiyarka. A adana ko a kunna gawayi da ita?" Ina dubawa na gane su. Katunan da na buga ne a shekarar 2012, da sunana ɓaro-ɓaro da ruwan zinare, ga lambar waya, ga fin ɗin BlackBerry, a ƙasa kuma an rubuta da Turanci wai injiniyan lantarki mai jiran gado. Na zauna a bakin gado na ƙirga. Guda 93 suka rage cikin ɗari. Bakwai ɗin da suka fita na san inda kowanne ya tafi: ɗaya na ba mahaifiyata, wadda ba ta karanta boko, biyu na ba abokaina da muke kwana ɗaki ɗaya, ɗaya na ba wata yarinya da ba ta taɓa kirana ba, biyu sun jiƙe a aljihu ranar wanki. Na bakwai shi ne mai labari.

Ina aji huɗu a jami'a lokacin, an sake mu mu je koyon aiki na wata shida, abin da ɗalibai ke kira IT, hukuma kuma ta kira SIWES. Hukumar ITF da aka kafa a 1971 ita ta fito da shirin a 1973, saboda masu masana'antu sun yi ta kukan cewa yaran da manyan makarantu ke yayewa sun san takarda amma ba su san inji ba. Da a ce na tsaya na karanta wannan dalilin da idon basira, da na gane da irina ake. Na sami gurbi a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake yin buta da bokiti da kujeru. Tun kafin in taka ƙofar kamfanin na kai naira 1,500 wurin masu ɗab'i aka buga mini katunan nan, don na ji ana cewa a zamanin nan sai da sanin mutane ake samun aiki.

Abin dariyar shi ne, a majalisa ni ne kan gaba wajen zagin sanayya. Kullum bakina, ƙasar nan ta lalace, ba a duba abin da ka sani sai wanda ka sani. Ina faɗa da zafi kamar mai wa'azi. Amma can cikin zuciyata ba sanayyar nake ƙi ba, haushina dai ni ba ni da ita. Don haka na shiga kamfanin da manufa ɗaya tak: in san manaja, manaja ya san ni. Duk wanda ke ƙasa da shi, a idona, kayan ɗaki ne.

Ranar farko na wuce maigadi da ɗaga hannu, kunnena toshe da abin jin waƙa. Aka kai ni sito in karɓi hular kwano da takalmin aiki. Wani dattijo ne a wurin, mai furfura a gemu, da tabarau ɗaure da zare ta baya, kowa Baba mai sito yake ce masa. Ya ce, "Sannu da zuwa ɗana. Daga wace unguwa? Ɗan gidan wa?" Na amsa masa a taƙaice, ina kallon agogo. Ya miƙo mini rabin goro, na ce ba na ci. Gaskiya ne ba na cin goro, amma duk ɗan Bahaushe ya san ana karɓa a sa a aljihu a ce an gode. Na sani sarai. Gani na yi bai kai in yi masa wannan karar ba.

Tare da ni aka ɗauki wani yaro daga kwalejin fasaha, mai ƙaramar difloma, ya zo yin nasa na shekara guda. Zan kira shi ɗan poli, don haka nake kiransa a lokacin, da wata 'yar murya ta raini. Turancinsa a karye yake. Sai dai kafin mako biyu ya san sunan kowa a ɗakin injuna, ya san wanda matarsa ta haihu da wanda ɗansa ke kwance a asibiti. Da safe sai ya zaga ya gaida kowa kafin ya sa kayan aiki. Shi ke ɗaukar wa tsohon mai gyaran lantarkinmu akwatin kayan aiki, shi ke miƙa filaya da sukundireba tun ba a tambaya ba. Da rana yana kan benci wurin mai shinkafa da wake tare da leburori, ni kuwa ina ƙarƙashin wata bishiya ni kaɗai da biskit da lemo, ina latsa waya. A raina na yanke masa hukunci: ɗan neman gindin zama ne, abin da kai ya kasa ba shi yake nema da ladabi.

Wata rana injin niƙa roba ya fara kashe kansa duk lokacin da aka tayar da shi. Muka taru a gaban allon wutarsa, tsohon mai gyara ya buɗe. Babban moto irin wannan ba a sakar masa wuta gaba ɗaya, sai a tayar da shi a haɗin da ake kira sita, bayan 'yan daƙiƙu ya koma delta. Tsohon yana yi wa ɗan poli bayani, ya ce hikimar ita ce a rage wutar da moton ke ja da rabi yayin tashi. Nan take na tsoma baki, da Turanci, da ƙarfi yadda duk leburorin da ke tsaye za su ji. Na ce ba rabi ba ne, kashi ɗaya cikin uku yake ja, na ma fara kawo lissafin. Kuma ni ke da gaskiya, haka yake a littafi har gobe.

Tsohon bai yi musu ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya juya sukundireban da ke hannunsa, ya miƙo mini ta wajen mariƙi. Ya ce, "To bismilla, injiniya. Gyara mana."

Na tsaya a gaban allon. Kwantakta uku ne jere, baƙaƙe, duk ƙura ta rufe su, wayoyi sun cakuɗe kamar taliya. A takarda na zana su ya fi sau hamsin, na ci jarrabawa a kansu. A gaban idona kuwa, wallahi ban san wanne ne na sita wanne ne na delta ba. Gumi ya karyo mini. Na ji wani lebura ya yi tari irin na ɓoye dariya. Bayan abin da na ji kamar shekara, tsohon ya karɓi abinsa, ya kashe wuta, ya kai hancinsa kusa ya shinshina, ya nuna na dama ya ce kwayil ɗinsa ya ƙone. Ɗan poli ya ruga sito. Minti goma inji ya tashi.

Daga ranar bai ƙara koya mini komai ba. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata ba. In na gaishe shi ya amsa, in aiki ya taso ya kira ɗan poli su tafi. Ni kuma maimakon in same shi a keɓe in ba shi haƙuri, sai na ce hassada ce irin ta wanda bai yi karatu ba. Yanzu da na yi shekaru a cikin aikin na san abin da na zubar. Mutumin da ya shekara talatin yana jin ƙaurin waya yana gane ciwonta, ba a aji ake samun irinsa ba, kuma ba ya buɗe cikinsa ga wanda ya kunyata shi gaban yaransa. Da na bari mun keɓe na ce, "Baba, mu a makaranta kaza aka ce mana, ya abin yake?" da ya ji daɗi, da ni ma na ƙaru.

A cikin watan Mayu mahaifiyar tsohon mai gyara ta rasu. Aka sanar ranar Juma'a cewa gobe Asabar ma'aikata za su haɗu a je ta'aziyya. Na tuna ranar daram, 19 ga wata, don a daren ne Chelsea ta doke Bayern Munich a bugun fenareti ta ɗauki kofin zakarun Turai. Ƙwallon sai bayan magariba za a fara. Yini guda nake da shi, kuɗin mota bai kai na lemon da nake sha ba. Na ƙare yinin a majalisa muna gardamar ko Drogba zai ci. Ranar Litinin na ce masa, "Ashe an yi rashi, Allah ya jiƙanta," a tsaye, ina wucewa. Ya ce amin, ya gode.

Shi kuwa manajan da na zo dominsa, sai da na yi wata uku ina dakonsa. Na gano lokacin da yake fitowa, na laɓe kusa da inda ake ajiye motarsa. Yana isowa na tare shi, na rusuna, na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni a nan," na zuba jawabin da na haddace a gaban madubi, na miƙa kati da takardar bayanin karatuna. Mutumin kirki ne, ya yi murmushi, ya ce Allah ya taimaka, ya miƙa wa direbansa su duka biyun ya shiga mota. Na koma gida ina jin na gama da duniya. Bayan kamar mako biyu ina wucewa ta gefen motar, sai na hangi wani abu mai ruwan zinare a jikin taga. Na matsa. Katina ne, an ninke shi huɗu an cusa tsakanin gilashi da roba don gilashin ya daina kaɗawa. Direban yana zaune a kan benci yana kallona. Wata uku ina wuce shi ban taɓa ce masa ina kwana ba. Wannan shi ne kati na bakwai, kuma a cikin ɗarin shi kaɗai ya yi wa wani amfani.

Ka ce wannan ya isa ya farkar da mutum. Bai farkar da ni ba. Ko a makon ƙarshe, da na tashi neman sa hannu a littafin da muke rubuta aikin kowace rana da fom na 8 da ake mayar wa makaranta, na tarar injiniyan da ke kula da mu ya yi tafiya. Ɗan poli duk Juma'a yake kai nasa a sa masa hannu, ni na tara na wata shida. Na je wurin sakatariya ina haki. Ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, a nan kake aiki? Ya sunanka?" Sai da ɗan polin nan da nake rainawa ya shigo ya ce, "Hajiya, tare muke, a taimaka masa," sannan ta ɗaga waya. Na karɓi takarduna na fita ban yi sallama da kowa ba. Lambar mutum ɗaya ban ɗauka ba.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2013 ya ci mana wata biyar da rabi, na gama a 2014, na tafi bautar ƙasa jihar Oyo ina karɓar alawus na naira 19,800. Na dawo Kano da takardu masu kyau na shiga yawon neman aiki, daidai lokacin da tattalin arziki ya karye a 2016, kamfanoni suna sallamar ma'aikata. Takalmi biyu na kashe. Sai na ji wani kamfani a Challawa na neman ƙaramin injiniya. Na je, aka yi mana jarrabawa, na san na yi ƙoƙari, aka kira mu uku ganawa ta ƙarshe. Daga nan shiru.

Bayan wata guda na koma in ji ba'asi. A bakin ƙofa na yi kiciɓis da ɗan poli, sanye da rigar kamfanin, da tasta a aljihun gaba. Ashe shekararsa biyu a wurin, tsohon mai gyara ne ya kawo shi da hannunsa. Ya rungume ni kamar ɗan'uwa, ya ja ni wurin mai shayi. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na tambaye shi. Ya yi shiru yana juya cokali. Ya ce shugaban sashen nasu a Sharaɗa ya fara aiki tun yana saurayi, da ya ga sunan kamfanin a takardata sai ya ɗauki waya. Na ce, manaja ya kira? Ya ce a'a, ai manajan ya daɗe da barin wurin. Baba mai sito ya kira.

Na ce, "Me Baba ya ce?"

Ya ce, "Bai faɗi sharrinka ba, wallahi. Cewa ya yi, 'Yaron nan mai kati? An ce yana da ilimi. Amma ni ban san shi ba.'"

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, da na sami abin da zan riƙe in ce an yi mini ƙulli. Amma dattijon gaskiya tsagwaronta ya faɗa. Wata shida ina karɓar kaya ta tagarsa, kusan kullum, bai san ni ba, domin ban bar shi ya san ni ba. Na shiga adaidaita sahu a titin Panshekara, shayin nan yana tsaye a ƙirjina. Tun daga nan har Ƙofar Ɗan Agundi ba abin da nake gani sai rabin goron da ya miƙo mini. Na daɗe ina gaya wa kaina an hana ni aiki don ba ni da kowa. Ashe an ba ni mutane wajen arba'in a ɗaki ɗaya, kyauta, na tsawon wata shida, na tsallake su ina neman mutum ɗaya da ko sunana bai riƙe ba.

A cikin adaidaitar nan na rarrabe abu biyu da na daɗe ina cakuɗawa. Akwai alfarma, wato takardar wani babba da ke sa a ɗauki wanda bai cancanta ba. Tana nan, ba zan yi wa kowa ƙarya ba, na ga an yi ta a gabana, kuma zalunci ce. Akwai kuma shaida, wadda ita ba ta da laifi ko kaɗan. Wanda zai damƙa maka injin miliyoyin naira da rayukan ma'aikata yana da haƙƙin ya tambayi wanda ya taɓa zama da kai. Mu da ko aure ba ma bayarwa sai an je unguwar yaro an yi bincike, kuma ba wurin mai unguwa kaɗai ake zuwa ba, har mai kanti da ladan ana tambaya. A Kantin Kwari ana ba yaro kaya na maƙudan kuɗi bashi ba tare da takarda ba, don wani da aka yarda da shi ya ce, "Na san shi." Na taso ina ganin wannan duka, amma da na sa taye sai na ɗauka ofis wata duniya ce dabam.

Daga baya na ci karo da aikin wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, wanda a 1973 ya fitar da bincike kan yadda mutane ke samun aiki. Ya tambayi ma'aikata a wani gari kusa da Boston, ya tarar da yawansu ta bakin wani suka ji labarin aikin, kuma galibi ba aminai ba ne, mutanen da ake haɗuwa da su jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, inda kake shiga nan yake shiga. Wanda kuke gaisawa sama-sama shi ke da labarin wata unguwar. Na karanta ina dariyar takaici. A shekarar da aka ƙirƙiro shirin da ya kai ni Sharaɗa aka buga shi, kuma Baba mai sito da bai taɓa jin sunan Boston ba ya fi ni sanin abin da ke ciki.

Kada mai karatu ya zaci daga nan na shiryu. Wata sabuwar wautar na buɗe. Na bi na tattaro lambobin mutane, na shiga tura musu hoton barka da Juma'a ta WhatsApp, iri ɗaya ga mutum sittin, da furanni da masallaci. Bayan Juma'a uku sai in biyo da, "Yallaɓai, ina neman alfarma." Injiniyan da ya kula da mu, wanda ban neme shi ba shekara huɗu, na kira shi na yi gaisuwar minti ɗaya na faɗa kan buƙata. Ya ce, "Wa ke magana?" Kowa yana gane gaisuwar da ke ɗauke da ƙoƙon bara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi mini wuya shi ne zuwa gidan tsohon mai gyara. Ɗan poli ya raka ni. Na sayi goro da sukari, muka same shi a ƙofar gida kan tabarma yana gyara wata tsohuwar fanka. Na durƙusa na yi masa ta'aziyyar mahaifiyarsa, bayan shekara huɗu, na kuma ba shi haƙurin abin da ya faru a gaban allon wuta. Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Ai kai ke da gaskiya ɗana, na je na tambaya daga baya, ɗaya cikin uku ne. Wurin faɗar ne ka kuskure." Bai samo mini aiki ba, ban kuma tambaye shi ba. Na dai riƙa zuwa ranar Asabar ina riƙe masa tocila in an kira shi gyara a unguwa. A wata huɗu na koyi abin da ban koya a shekara biyar ba.

Aikin da na fara samu ta wata hanya ya zo da ban taɓa lissafawa da ita ba. Wani ɗan jihar Binuwai da muka zauna gida ɗaya lokacin bautar ƙasa, na taɓa gyara masa wayar ɗakinsa da ke tartsatsi ban karɓi ko sisi ba, na ma manta. Shi ya kira ni wata rana ya ce kamfanin da yayansa ke aiki na neman mai lantarki, ya riga ya ba da sunana. Alheri guda ɗaya da na yi ba da lissafi ba, shi ya biya ni.

Ga 'yan mata masu zuwa koyon aiki kuwa, na san maganar ba ta zo daidai da tamu ba. Na ga yadda wasu manya ke fassara fara'ar yarinya da wata manufa. Wadda ta fi burge ni cikin waɗanda suka zo wurinmu, matan ofis ta fara kamawa, ta mai da babbar akawunmu uwa, tana gaida kowa a fili, ba ta shiga ofishin kowa ita kaɗai. Har yau in an tashi ɗaukar ma'aikata sunanta ake fara ambata.

Baba mai sito ne ban samu na gyara tsakanina da shi ba. Na yi ta cewa sai Asabar mai zuwa, sai bayan salla, har ɗan poli ya kira ni wata safiya ya ce Allah ya yi masa rasuwa. Wannan karon na je, na bi gawa har maƙabarta, na zauna zaman makoki kwana uku. Babu wanda ya san ni a gidan.

Yanzu ni ake kawo wa 'yan koyon aiki. Na bana, tun kafin ya iso ya turo mini buƙatar ƙulla zumunci ta LinkedIn, da hotonsa cikin kwat. Da ya zo na tambaye shi sunan maigadin da ya buɗe masa ƙofa, ya tsaya yana kallona. Ban yi masa faɗa ba, ina ni ina faɗa. Na tura shi sito ya yi mako guda yana ƙirga kusoshi da fiyus tare da mai kula da wurin.

Kai da za ka fara ranar Litinin, kafin ka tambayi ina ofishin manaja yake, cire abin kunnen nan ka tsaya a ƙofa ku gaisa da maigadi, ka tambayi sunansa ka riƙe. In wani dattijo ya miƙo maka goro, karɓi da hannu biyu.